Neman Gidan Haya a Abuja: Kwana Huɗu Tsakanin Suleja, Masaka da Kubwa

Ranar da ƙanena ya kawo takardar ɗaukarsa aiki a wata hukumar Gwamnatin Tarayya da ke Abuja, gidanmu na Kano ya cika da murna. Shekara shida ya yi yana koyarwa a wata makarantar kuɗi yana dakon irin wannan rana. Ana cikin yi masa barka da arziki sai Hajiyarmu, wadda ba ta cika yawan magana ba, ta dube shi ta ce, “To, aiki ya samu, Allah Ya sa albarka. Ita kuma yarinyar mutane da ’ya’yanta, a ina za ka ajiye su?” Sai ɗaki ya yi tsit, domin babu wanda ya yi wannan tunanin a cikinmu. Yana da mata ɗaya da ’ya’ya biyu, babbar mai shekara biyar, ƙaramin kuma yana goye.

Shawarar farko da abokansa suka ba shi ita ce wadda dubban ma’aikata ’yan Arewa suke kai: ya bar iyali a gida, ya kama ɗaki ɗaya a Abuja, ya riƙa zuwa duk bayan mako biyu. Wasu suka ce ya ajiye su a Kaduna, tunda ga jirgin ƙasa da ya fara jigila tsakanin Idu da Rigasa a 2016. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kaduna da yammacin Juma’a ya ga wannan rayuwa da idonsa: magidanta ne jere a motoci, kowa na sauri ya riski ’ya’yansa kafin su yi barci. Ƙanena ya ƙi. Ya ce tafiyar fiye da kilomita 400 sau biyu a wata za ta cinye albashin, kuma ba ya son ’ya’yansa su taso suna yi masa kallon baƙo mai kawo tsaraba. Harin da aka kai wa jirgin ƙasan a ranar 28 ga Maris, 2022 shi ma bai fita daga ran matarsa ba. Da na ga ya tsaya a kan ra’ayinsa, kuma jami’armu tana hutu, sai na ce zan raka shi neman gida. Muka kama hanya wata Asabar cikin watan Agusta, ruwa na tsakiyar zuba.

Kafin in kai mai karatu unguwannin da muka zaga, yana da kyau a tuna yadda aka yi Abuja ta zama haka. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar da ta samar da Babban Birnin Tarayya, sannan a ranar 12 ga Disamba, 1991 aka dawo da fadar gwamnati daga Legas a zamanin Janar Ibrahim Babangida. An zana birnin a takarda kafin a aza tubali, aka keɓe wa ofisoshi wurinsu, aka yanka unguwanni irin su Garki da Wuse da Maitama da Asokoro. Sai dai jama’ar da suka kwararo sun fi ƙarfin gidajen da aka gina, kuma kuɗin haya a waɗannan unguwanni ya wuce aljihun ƙaramin ma’aikaci nesa ba kusa ba. Saboda haka mafi yawan masu yi wa Abuja aiki da rana ba a cikinta suke kwana ba. Da asuba su shigo ta manyan hanyoyi uku, wato ta Kubwa da ta Keffi da ta filin jirgin sama, da magariba kuma su fice ta inda suka shigo. Wanda zai nemi gida a Abuja, a zahiri zaɓi yake yi tsakanin waɗannan hanyoyi.

Zangonmu na farko Suleja ne, inda muka sauka a gidan wani kawunmu da ya shekara talatin yana sayar da yadi. Bahaushe ba ya baƙunta a Suleja. Garin shi ne asalin mai sunan Abuja, wanda Abu Ja ya kafa a 1828 bayan sarakunan Haɓe na Zazzau sun baro Zariya a lokacin jihadi. Da aka buƙaci sunan domin sabon babban birni sai garin ya saki, ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Har gobe Sarkin Zazzau Suleja ake kiran mai garin. A nan ne Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar Naira 20, ta yi suna a ginin tukwane, kuma Dutsen Zuma da ke jikin Naira 100 yana tsaye kusa da Madalla kamar mai gadin ƙofa.

Da yamma muka zaga Kasuwar IBB, muka ga doya da hatsi da kayan miya a farashin da bai tayar mana da hankali ba. Bayan La’asar yara sun cika lunguna da allunansu da jakunkunan Islamiyya. Ƙanena ya ce, “Yaya, ai nan kamar Fagge. Maman yara ba za ta yi kewa ba.” Kawu ya yi murmushi ya ce, “Gaskiyarka. Amma ka tambayi maƙwabcina ƙarfe nawa yake fita.” Maƙwabcin ma’aikaci ne a tsakiyar birni. Ya ce a masallaci yake ɗaura takalminsa bayan sallar Asuba, ya bi ta Madalla da Zuba, ya sauya mota sau biyu, wani lokaci sau uku, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 kuɗin mota ya zama shi ne babban abin da yake ci masa albashi, gaba da haya. Muka kwana da wannan magana a zuci.

Washegari Lahadi wani dillali ya ɗauke mu zuwa ɗaya ɓangaren, wato hanyar Keffi. Da ka wuce Nyanya ka fita daga Babban Birnin Tarayya, ka shiga Mararaba a Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, ko da yake babu abin da zai nuna maka ka sauya jiha in ban da allon da ke gefen titi. Gari ne da ya haɗa kowace ƙabila ta Najeriya, shaguna sun cushe har bakin kwalta, ’yan acaɓa kamar fari. Muka zarce Masaka, inda dillalin ya buɗe mana wani sabon gida mai ɗaki uku da falo, da tsakar gida da za a iya shanya a ɗaure rago, har da bishiyar mangwaro a ƙofa. Da ya faɗi kuɗin hayar shekara sai na ga fuskar ƙanena ta washe, domin bai kai abin da aka nema a hannunmu na ɗaki ɗaya da falo a wata unguwa ta cikin birni ba. Tafiyar da muka yi daga shataletalen AYA zuwa ƙofar gidan kuwa ba ta wuce rabin awa ba. Nan take ya so ya ba da kafin alƙalami. Na riƙe hannunsa na ce, “Yau Lahadi ce. Bari mu ga Litinin tukuna.”

Muka nemi wani tsohon ɗalibina da ke zaune a yankin muka kwana a wurinsa. Ƙarfe shida na safiyar Litinin muka tsaya a bakin titi tare da ɗaruruwan mutane, kowa ya rataya jaka yana ɗaga hannu. Motar da ta tsaya sai a yi mata caa, mai ƙarfi ya shiga, mai ladabi ya jira ta gaba. Ɗalibin nawa ya gargaɗe mu kada mu shiga kowace ƙaramar mota da ba mu ga an cika ta a gabanmu ba, saboda ɓarayin da ke shigar direbobin haya su yi wa fasinja fashi a hanya. Da muka samu wuri sai muka shiga cunkoso tun daga Mararaba, muka ja ciki zuwa gadar Nyanya, muka haura tudun Kugbo ana tafiya ana tsayawa. A gefena wata mata tana ba ɗanta mai kayan makaranta shayi daga gora, yaron yana sha yana gyangyaɗi. Ƙarfe takwas da kwata muka sauka kusa da ofishin ƙanena. Hanyar da muka yi a rabin awa jiya, yau ta ci fiye da awa biyu.

A teburin wani mai shayi na ciro biro na yi masa lissafi a bayan ambulan. Na ce mu ɗauka awa uku kacal zai riƙa ɓatawa a hanya kullum, zuwa da komowa, alhali abin da muka gani ya fi haka. Idan ya yi aiki kwana 240 a shekara, awa 720 ke nan, wato kwana 30 cur, dare da rana. Wata guda daga cikin kowace shekara ta rayuwarsa zai ƙare a kujerar mota. Zai fita yara na barci, ya dawo suna barci. Ashe abin da ya guje wa na barin su a Kano shi zai tarar a Masaka, bambancin kawai a nan rufi ɗaya suke kwana a ƙarƙashinsa. Idan kuma aka tara kuɗin motar shekara aka ɗora a kan hayar, arahar da ta ruɗe mu ta ragu ƙwarai. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ban faɗi haka don in kushe Masaka ko Mararaba ba, domin ga wanda sana’arsa take can, ko yake aiki a Karu ko Keffi, wurin zama ne mai sauƙi da albarka. Nisan gida ana auna shi ne daga inda mutum yake neman abincinsa.

Da rana muka nufi Lugbe a kan hanyar filin jirgin sama. Titin fes yake, faɗinsa ya ishi kowa, kuma daga nan zuwa tsakiyar birni ba wata tafiya ba ce. Sai dai da mun sauka daga babban titi muka shiga cikin unguwa, kwalta ta ƙare. An yi ruwa da dare, motar dillali ta kafe sau biyu a taɓo. Gidan da aka nuna mana yana cikin wani rukunin gidaje a gangare, sabon fenti sai ƙyalli yake yi. Ina zagayawa ta baya sai na lura da wani layi a jikin katanga, daidai gwiwata, inda launin siminti ya sauya. Na tambayi wani mai ga-ruwa da ke tura kurarsa ko mene ne wannan. Ya ce, “Alhaji, nan ruwa ya tsaya bara. Masu gidan da daddare suka kwashe yara.” Dillalin bai ji daɗi ba, ya ce ai an gyara magudanar. Wataƙila an gyara. Amma tun daga ranar na ɗauki darasi: a kowace unguwa ka fara gaisawa da mai ga-ruwa da mai shayi da mai gadi, domin su ba su da kaso a cinikin. Mai ga-ruwa zai gaya maka ko famfo na kawowa, don idan yana kawowa ba za ka gan shi a layin ba. Mai shayi ya san kwana nawa taransifoma ta yi a lalace. Mai gadi ya san gidan da aka haura.

Gwarimpa, wannan makeken rukunin gidaje da aka gina a zamanin Janar Sani Abacha, ta gilashin mota muka gaishe ta muka wuce, domin daidai ruwa daidai tsaki. Wani ya ba mu shawarar Bwari, inda Makarantar Horar da Lauyoyi da hedikwatar JAMB suke, ya ce akwai sauƙin haya da iska mai daɗi. Amma labaran satar mutane da suka addabi wasu unguwannin gefen garin a farkon 2024 sun sa ƙanena ya ce ba zai iya barin mace da yara ƙanana a gidan da ya jingina da daji ba. Gwagwalada kuwa, duk da asibitin koyarwa da jami’ar da take da su, nisanta ya fitar da ita daga lissafi.

Ranar Talata muka yini a Kubwa, wadda ke ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Bwari. Gari ne da ya tsufa a cikin garuruwan da ke kewaye da birnin, kuma tsufan ya yi masa rana ta wasu fuskoki: akwai babban asibitin gwamnati, akwai makarantun gwamnati da na kuɗi, akwai kasuwa, akwai tashar jirgin ƙasa mai zuwa Kaduna, sannan madatsar ruwa ta Usuma da ke shayar da Abuja tana kusa, shi ya sa wasu sassan garin suke samun ruwan famfo. Ita ma tana da nata ciwon. Gidajen sun matsu, wasu layukan na bakin rafi suna shan ambaliya, kuma hayar ta ɗara ta Masaka sosai. Da safe mun gwada hanyar daga can zuwa ofis, muka isa cikin ƙasa da awa guda. Muka ga gidaje biyu da aljihunsa zai iya ɗauka da ƙyar: ɗaya mai ɗaki uku a wani sabon rukuni mai katanga da ƙofar ƙarfe a ƙarshen gari, ɗaya kuma mai ɗaki biyu a wani tsohon layi kusa da masallaci. Mu biyu muka fi karkata ga na farkon, saboda tsafta da shiru da mai gadi.

A nan ne na yi abin da nake ganin shi ne mafi amfani a duk tafiyar. Na ce kada a biya ko kwabo sai mai ɗakin ta zo ta gani. Dalilina shi ne magidanci mai aikin ofis kwana kawai yake yi a unguwa, amma matarsa da ’ya’yansa su ne mazauna cikinta. Ita za ta san ko akwai inda za ta sayi attarugu ba tare da ta hau mota ba. Ita za ta ɗauki yaro mai zazzaɓi da tsakar rana ta nemi asibiti alhali mijin yana can bayan cunkoso. Mun saba mu maza mu yanke wannan hukunci mu kaɗai, mu kawo mace daga gidan da ta taso cikin iyaye da ’yan’uwa da maƙwabta, mu rufe ta a bayan dogon gini inda ba ta san kowa ba, sannan mu yi mamakin yadda ta rame ko ta zama mai saurin fushi. Na san aure fiye da ɗaya da ya girgiza a Abuja ba don rashin abinci ko sutura ba, sai don kaɗaici.

Mako na zagayowa ta zo tare da ƙanwarta. Ni na riga na koma Kano, ta waya na ji yadda aka yi. Ta shiga gidan mai ɗaki uku ta yaba, sannan ta fito ta tsaya a ƙofa na ɗan lokaci. Ta ce ba ta ji muryar yaro ko ɗaya ba, ba ta kuma ji kiran salla ba, ga shi shago mafi kusa sai an hau babur. A tsohon layin kuwa, kafin su gama duba ɗakunan wata dattijuwa ’yar Katsina da ke gidan kusa ta aiko musu da ruwan sha, ta kuma nuna mata Islamiyyar da jikokinta suke zuwa, tafiyar minti biyar a ƙafa. Maƙwabcin ɗaya gefen Bagware ne Kirista, ma’aikacin jinya mai ritaya, wanda aka ce duk layin shi ake bugawa ƙofa idan yaro ya kwana da zafin jiki. Da ta kira ni sai ta ce, “Yaya, ɗaki biyun ya ishe mu. Idan baƙi sun zo ma shimfiɗa tabarma a falo. Amma can ɗin, idan wani abu ya same ni da rana, wa zan kira?” Ban da amsar da zan ba ta. Magabata sun ce a nemi maƙwabci kafin a nemi gida, mu masu digiri mun je mun ƙirga ɗakuna.

Ba zan ɓoye wa mai karatu cewa zaɓin ya zo da tsada ba. A Abuja hayar shekara guda ake biya a dunƙule, wani mai gidan ma ya ce sai ta shekara biyu. A kan wannan akwai la’adar dillali, wadda galibi kashi goma cikin ɗari ce, da kuɗin lauyan da ya rubuta yarjejeniya, da wani kuɗin da ake ajiyewa saboda ɓarna. Sai da muka yi karo-karo a gida, matar kuma ta sayar da wani abu daga cikin gwal ɗinta, kafin kuɗin ya cika. Wasu kayan ɗakinta suna nan a Kano domin babu inda za a sa su. Kuma babu tabbacin mai gidan ba zai ƙara haya baɗi ba.

Ga matasan da irin wannan tafiya ke gabansu, ko Abuja ce ko Legas ko Fatakwal, abin da na koya a kwana huɗun nan kaɗan ne. Kada ka duba gida ranar hutu kawai, ka bi hanyar aikinka a ranar aiki da lokacin aiki, agogo a hannunka. Idan da hali ka je da damina, domin rani yana rufa wa unguwa asiri. Ka haɗa kuɗin haya da na mota da na ruwa da na wuta kafin ka ce wuri yana da araha. Kada ka miƙa kuɗi sai ka ga mai gidan ko wakilinsa na gaskiya, ka kuma karɓi rasit da yarjejeniya a rubuce, domin an sha karɓar hayar gida ɗaya daga hannun mutum biyu. Sannan ka tafi da wadda za ta yini a gidan, ka saurari abin da za ta ce.

Su ma hukumomi da ke ɗaukar matasa aiki daga jihohi masu nisa suna da nasu haƙƙin. Ma’aikacin da ya kwashe awa biyu a hanya kafin ya zauna a kujera, rabin ƙarfinsa ya riga ya tafi. Wadatattun motocin safa masu tsari a kan hanyoyin nan uku, da rancen haya da za a riƙa cira daga albashi sannu a hankali, za su rage wa dubban iyalai wahalar da ba ta da dalili.

A watan jiya na kai musu ziyara. Ana kiran Magariba ƙanena ya shigo da ledar lemo a hannu, ’yarsa ta tare shi a ƙofa tana karanta masa surar da aka biya musu a ranar, yana gyara mata inda ta yi tuntuɓe. Da na koma Kano na ba Hajiya labari, sai ta ce, “To, yanzu ne ya samu aiki.” Allah Ya ba kowane magidanci muhalli na gari da maƙwabta na gari, amin.